Wa Ya Shafa wa Fulatari Kurkum?

Ku matso kusa, masu gatsine. Na san ku, na kuma san abin da ke bakinku tun kafin ku buɗe shi. Da kun ji za a yi maganar gyaran launin bidiyo, wai kuma daga Fulatari za a ɗauko misali, sai wannan ya taɓe baki, wancan ya ce aikin marasa aiki, na ukun ya jawo taswira yana laluben garin. Kai mai taswira, bari in rage maka wahala. Ka bi kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Damagaram ta nufi Diffa, wadda ke sama da kilomita 1,300 daga babban birnin. Kafin ka kai, za ka iso Maine-Sorowa. Nan za ka yi sallama da kwalta, ka yi arewa cikin rairayi. Ƙasar makiyaya ce, ga tuddan yashi, ga rijiyoyi, ga jajayen shanu masu dogon ƙaho. Kuma kada ka yi mamaki, akwai wayar salula a aljihun mai kiwon, kyamarar da ke jikinta kuma ba ta san cewa tana ƙauye ba.

Baffa ne zai fara, don shi ne babba. Baffa ya ce hoto ai hoto ne, abin da ido ya gani shi kyamara ke ɗauka, duk wanda ya ƙara wani abu a kai ya yi ƙarya.

Allah ya ja da ranka, Baffa, ba musu zan yi da kai ba, gwaji za mu yi. Ka tara jikokinka uku, mai Tecno da mai Samsung da wannan ɗan gayun mai iPhone. Su jeru kafaɗa da kafaɗa, su ɗauki bijiminka guda a lokaci guda. Sai ka karɓi wayoyin ka duba. A ɗaya jan bijimin ya yi ƙarfi har ya so ya wuce misali, a ta biyu ya koma ruwan ƙasa, a ta ukun yashin da yake tsaye a kai ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Bijimi ɗaya, kala uku. Cikin jikokin naka wane ne maƙaryacin? Babu ko ɗaya. Kowace waya, tun kafin ta nuna maka hoton, ta riga ta yanke hukunci a kan haske da launi, bisa ga abin da wasu injiniyoyi a Sin ko Koriya ko Amurka suka ga ya fi kyau. Ke nan gyaran launi an riga an yi maka shi, Baffa, sai dai ba a shawarce ka ba. Abin da yara masu gyaran launi ke yi a gaban kwamfuta shi ne ƙwace wannan hukunci daga hannun wanda bai taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba.

Kuma idon kyamara bai kai naka ba, duk da tsufanka. Da tsakar rana a bakin rijiya, kai kana ganin farin yashi, kana ganin fuskar yaron da ke jan guga a ƙarƙashin malfarsa, kana ganin sararin sama, duka a kallo ɗaya. Waya ba ta iya riƙe wannan tazara tsakanin haske da duhu yadda kake riƙe ta. In ta kula da yashin, fuskar yaron ta zama baƙin dunƙule babu ido babu hanci. In ta kula da fuskar, yashi da sama su ƙone su koma fari fat. Abin da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan, babu editan da zai dawo da shi ko da a Hollywood ya yi karatu. Shi ya sa masu sanin aikin ke cewa rabin gyaran launi tun a wurin ɗauka ake yin sa. A fita da sassafe ko bayan la'asar, a juya mutum yadda hasken zai zo masa ta gefe, a kulle ma'aunin haske da na fari don kada waya ta riƙa canja ra'ayi ana tsakiyar ɗauka. In fuska ta yi duhu, a sa yaro ya riƙe farin ƙyalle ko farin kwali daga ƙasa ya mayar mata da haske. Duk wannan ko dala ba a biya.

Sai Malam mai boko, wanda ya gyara zaman tabarau ya ce wannan duk bidi'ar 'yan TikTok ce, manyan finafinai na da ba su san ta ba. Haba Malam, kai da ka yi lakkwal! Tun silima tana rarrafe ake shafa mata launi. A Faransa, farkon ƙarni na 20, wata mata mai suna Elisabeth Thuillier tana da ma'aikata mata kimanin 200 a birnin Faris, aikinsu su zauna da ɗan buroshi suna fentin finafinan Georges Méliès da hannu, hoto bayan hoto. Daga baya aikin ya koma ɗakin wanke fim, inda ake ƙara ko rage hasken ja da kore da shuɗi yayin buga kwafi. Kwamfuta dai ta zo ta sauƙaƙa abin da ake yi da gumi ne.

Ga labarin da na fi so in ba ku, don ya shafe mu. A shekarar 2000 aka saki wani fim na Amurka mai suna O Brother, Where Art Thou? na 'yan uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen. An ɗauke shi a jihar Misisipi lokacin da ƙasa ta yi kore shar, su kuwa masu fim ɗin busasshiyar ƙasa suke so, mai ƙura, irin ta zamanin fatara. Mai ɗaukar hoton, Roger Deakins, ya sa aka zuba fim ɗin gaba ɗaya cikin kwamfuta, aka shafe makonni ana kashe koren ganye ana mayar da shi ruwan ƙasa. Ana lissafa shi cikin na farko-farkon manyan finafinan da aka yi wa haka daga farko har ƙarshe. Ku duba fa: mutane sun zuba dukiya don su sami abin da Allah ke saukar mana kyauta daga Disamba zuwa Fabrairu, har mu riƙa naɗe fuska da rawani muna tari muna tsine masa. Haka Mad Max: Fury Road na 2015, a hamadar Namibiya aka ɗauke shi. Masu Dune na 2021 kuwa sai da suka kwashi kaya zuwa Jodan da Abu Dabi neman yashi. Yashi! Mutumin Gudumariya da yashi ke cinye wa kwarin dabino, in ya ji wannan, ko dai ya yi dariya ko ya yi kuka.

Na ga samarin editoci suna murmushi, wai na tsaya musu. Ku dakata, yanzu zan juyo kanku, kuma naku ya fi na Baffa zafi.

Ku ne kuka shafa wa Fulatari kurkum. Kun sauko da wani ɗan fayil da ake kira LUT, wato jadawalin da ke cewa duk inda aka ga launi kaza a mayar da shi kaza, ko kun danna wata tacewa a CapCut mai suna mai daɗin ji, kun ɗora a kan komai. Sama ta koma ruwan ɗorawa, farar rigar liman ta koma ruwan ɗorawa, nonon da ke cikin ƙwarya ya yi kamar an bar shi kwana uku. Sai ku ƙara baƙin layi sama da ƙasa, ku rage gudun hoton, ku ce ga silima. LUT ba ya da ido. Wanda ya haɗa shi ya haɗa shi ne don wata kyamara, a wani haske, galibi don wata fata da ba irin tamu ba. Bai san cewa hoton da kuka ba shi dama can rawaya ne saboda ƙura ba, sai ya ƙara rawaya a kan rawaya.

Kun ma san inda wannan rawayar ta samo asali? A 2000 ɗin nan dai, Steven Soderbergh ya yi fim ɗin Traffic, ya ba kowane sashe na labarin launinsa don kada mai kallo ya ruɗe: ɓangaren Meziko ya sha rawaya, wani ɓangaren Amurka ya sha shuɗi. Dabara ce ta ba da labari. Amma aka ɗauke ta aka mayar da ita al'ada, har ta kai duk inda ake so a ce ƙasa ce ta talauci da zafi da haɗari sai a zuba mata rawaya. Da Netflix ta fitar da Extraction a 2020, 'yan Bangaladash sun yi ca a kan yadda aka rine birnin Daka. Su can suna faɗa don a cire musu, ku nan kuna kashe kuɗin data don ku ɗora wa kanku.

Aikin na gaskiya hawa biyu ne, kuma kuna tsallake na farko ne saboda ba ya da armashi. Hawa na farko gyara: a daidaita haske, a tabbatar fari fari ne, a sa hoton da aka ɗauka da hantsi ya yi kama da wanda aka ɗauka da azahar in a cikin labarin lokaci guda ne. Sai an gama wannan sannan a zo ga ado, inda za a ce wannan labarin na kewa ne, a ɗan sanyaya shi, ko na biki ne, a ɗumama. Ka leƙa shagon mai haɗa bidiyon biki a cikin garin Diffa ka ga wanda ya iya. Ya ja labule ya rage hasken ɗaki. Ya tsayar da hoton a kan fuskar wata tsohuwa. Ba ya taɓa komai sai ya nemo wani abu fari a cikin hoton, hular wani ko gefen mayafi, ya gyara shi har ya zama fari na gaskiya. Daga nan ya ɗaga duhun kaɗan-kaɗan, har zanen da ke kumatunta ya fito, ya tsaya kafin hoton ya fara yin tsaki-tsaki. Sannan ya tura wa wayarsa ya duba, ya tura wa wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ya sake dubawa, don ya san a kan irinta mafi yawan dangi za su kalla. Maƙwabcinsa kuwa ya kwana yana gyara, bai lura ya bar wayarsa a kan tsarin nan na dare mai rage shuɗin haske don kare ido ba. Duk abin da ya gani ja-ja ne, sai ya yi ta ƙara shuɗi. Da gari ya waye, ango da amarya sun fito kamar waɗanda aka tsamo daga rijiya.

Yanzu ga abokan wasa biyu sun miƙe, kowa da ƙorafinsa. Babarbare ya ce in dai launi ake nema, me za a je yi Fulatari, wurin da babu komai sai yashi da kashin shanu? A zo bakin kogin Komadugu lokacin shanyar tattasai a ga ja shimfiɗe a ƙasa iya ganin ido. Bafulatani ya ce ai shi ya sa idon Barebari ba ya ganin kowane launi sai ja, yaji ya gama da shi. Ni ba zan raba wannan faɗa ba, ya girmi kakana, har UNESCO ta sa irin wannan wasa na Nijar cikin gadon duniya a 2014, ni wane ne? Amma zan faɗa wa kowa abin da zai ɓata masa rai.

Kai Babarbare, tattasanka da ake yi wa kirari da jan zinari shi ne abin da ya fi komai wahalar da kyamara. Bidiyon waya yana adana bayanin haske cikakke, amma na launi kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake ajiyewa, don ya rage nauyi. Ja mai ƙarfi shi ya fi shan wahalar wannan rowa. In edita ya ga ja ya ji daɗi ya ƙara masa kauri, sannan WhatsApp ya zo ya sake matse fayil ɗin, tattasan nan da kowane ɗaya ke da lanƙwasarsa da ƙyallinsa sai ya narke ya zama jan tabo guda. Mai hankali rage jan yake yi kaɗan, ya ɗan duhunta shi, sai ka ga kowane ƙwaya ya fito har kana jin kamar za ka yi atishawa.

Kai kuma Bafulatani, kada ka yi dariya, sararin samanka ma matsala ne. Yawancin wayoyinmu matakai 256 kawai suke da su a kowane launi na asali, daga duhu zuwa haske. Manyan kyamarori da wasu wayoyi masu tsada suna da 1,024. Faffaɗar sama mai sauya launi a hankali, irin ta bayan la'asar a kan tudu, in aka ja ta da ƙarfi a wurin gyara, matakan nan ba sa isa, sai ta tsattsage ta yi layi-layi. Maganin shi ne a taɓa ta da sauƙi. Na san sauƙin hannu ba halinka ba ne in ka riƙe sanda, amma ka gwada.

Hajiya ta daɗe tana ɗaga hannu. Ita ba ta ƙi gyaran launi ba, so take a ƙara. A haska amarya, in ji ta. Hajiya, an haska ta a bikin bara har kakarta ta kalli bidiyon ta tambayi 'yar wace ce. Wannan bilicin ne da kwamfuta, bambancinsa da na kanti kawai ba ya ƙona fata. Kuma abin haushin shi ne an daɗe ana fama kafin kyamara ta koyi ganin baƙar fata da mutunci. Shekaru da dama, katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto don su daidaita injinansu hoton farar mace ne, shi ne ma'auni. Kamfanin Transsion mai yin Tecno da Itel da Infinix ya ci kasuwar Afirka ne da dalilai da yawa, ɗaya daga ciki shi ne ya gyara kyamarorinsa don su fitar da fuskokinmu. Fim ɗin Moonlight, wanda ya ci babbar kyautar Oska a 2017, 'yan wasansa baƙaƙe ne, kuma abin da aka yi ta yabo a hotonsa shi ne yadda fata ke sheƙi da zurfi ba tare da an ɗashe ta ba. Akwai wani ma'auni mai da'ira a manhajojin gyaran launi da ke nuna inda kowane launi ya faɗa. In ka ɗora fatar Bature da ta Batube da ta Bahaushe a kai, kusan a layi guda suke kwanciya, abin da ya raba su yawan haske ne da kauri. Ke nan aikin edita shi ne ya tsare wannan layin. Salon nan da ake yayi na tura inuwa zuwa shuɗi mai ratsin kore, a bar fata a ruwan lemo, yana yi wa farar fuska kyau. A baƙar fuska kuwa, wadda rabinta ke cikin inuwa, in ba a ware fatar an kare ta ba, mutum sai ya fito toka-toka kamar mai jinya.

Akwai wanda bai yi dariya ba tun da muka fara, kuma shi ba zan zolaye shi ba. Ya ce mutanen da suka ga abin da suka gani tun harin Fabrairun 2015 a Boso da Diffa, waɗanda suka bar gonakin bakin kogi suka kafa bukkoki a gefen kwalta, waɗanda ke sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Foraj, ina ruwansu da launin bidiyo? Gaskiyarka, ɗan uwa, launi ba ya cika tukunya. Amma ka tuna yadda duniya ta san Diffa a waɗannan shekaru. Ta san ta ne ta hotunan da baƙi suka ɗauka, kuma ka lura da kalarsu: an tsotse launi, an bar toka da ƙura, fuskoki sun dushe. Wani ne ya zauna a gaban kwamfuta ya zaɓi hakan, don ya san irin hoton da ke sa a tausaya. Wataƙila da kyakkyawar niyya ya yi. Sai dai matan da ke cikin hotunan nan atamfarsu ba toka ba ce, lallen hannunsu ba toka ba ne, kogin nan in ya kawo ruwa gefensa kore ne. Mahamat-Saleh Haroun na Chadi, maƙwabcinmu na gabas, ya yi finafinai a kan yaƙi da raɗaɗinsa, Daratt a 2006 da Un homme qui crie wanda ya sami kyauta a bikin finafinai na Kan a 2010, bai kuma ga dole sai ya kashe launin ƙasarsa kafin a yarda mutanenta na shan wuya ba. Aïcha Macky ta shiga unguwar Kara-Kara ta yi fim ɗin Zinder a 2021 da idon 'yar gari. Yaron Fulatari da ya koyi riƙe launin garinsu yana kan wannan hanya ne, ko da bidiyon suna yake haɗawa.

Saura mutumin Kano, wanda tun ɗazu yake kallonmu ta saman hanci. Ya ce harkar fim ai tasu ce, mu tsaya ga tattasai. Sannu, Alhaji. Turmin Danya, wanda kuke ƙirgawa a matsayin mafarin finafinanku na bidiyo, a 1990 ya fito. Oumarou Ganda kuwa ya ɗauko wa Nijar babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu tun 1972 da Le Wazzou polygame, shi ne ma na farko da aka fara ba wa. Moustapha Alassane tun a shekarun 1960 yake yin fim. Ba gori ba ne, lissafi ne. Mun yarda kun yi nisa, duk wanda ya kwatanta hoton kaset ɗin da da na shirin Labarina ya san an yi tafiya, kuma rabin tafiyar nan haske ne da launi. Amma ku ma kurkum ɗin bai bar ku ba, na sha ganin falon mai kuɗi a cikin shirinku ya yi rawaya har kujeru. Kun tare mana ruwa a madatsar Tiga tun 1974, Komadugu na isowa yadda ya ga dama, mun yi haƙuri. Manhajar gyaran launi ta DaVinci Resolve dai ba a Kano ake rabonta ba, kyauta ce ga duk mai kwamfutar da za ta iya ɗaukarta da wutar da za ta kai shi ƙarshen aiki, biyun nan kuwa ku ma ba kullum kuke da su ba.

Baffa, na ga har yanzu ba ka gamsu ba, kuma ba komai. Watan gobe za ka aurar da jikanyarka. Na san za ka aiko a kira yaron nan mai kwamfuta, ka ja shi gefe inda ba mai ji, ka ce masa rawaninka ya fito fari sosai, kuma a ɗan rage maka jan goron da ke haƙora. Na riga na gaya masa kuɗinka ninki biyu ne.